Hannun jarin kwabo na kamfanonin magani: abin da za ka bincika kafin a rufe ciniki kuɗinka na ciki

Tun da manhajojin sayen hannun jari suka shigo waya, malamin makaranta a Argungu ko ma'aikacin jinya a Birnin Kebbi na iya mallakar ɗan yanki a kamfanin Amurka ko fasfo ba shi da shi. Kasuwar can tana buɗewa da ƙarfe 2:30 na rana agogonmu daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watanni kuma 3:30, daidai lokacin da aka taso aiki aka samu sararin duba waya. Abin da ya fi ɗaukar idon sabon shiga shi ne ƙananan kamfanonin da ke cewa suna dab da fito da maganin ciwon daji, ko na sikila, ko na wata annoba, alhali hannun jarinsu ɗaya bai kai dala ɗaya ba. A can, galibi wanda farashinsa ke ƙasa da dala 5 ake sakawa a wannan rukuni. Mu kira shi hannun jarin kwabo.

Ra'ayina ba ɓoyayye ba ne: mafi yawan mutanenmu bai kamata su kai kuɗinsu nan ba. Amma na san akwai wanda ya riga ya ƙudura, kuma gara ya shiga da saninsa. Kowa tambayarsa nawa zai hau. Akwai tambayar da ta riga wannan: ranar da nake son fita, ƙofa na buɗe?

Fara da sanin mene ne dakatarwa

Tsayar da ciniki iri-iri ne, kuma wanda bai bambance su ba yakan firgita a inda babu komai, ya kwanta barci a inda gida ke ci da wuta. Akwai na minti 5 da kasuwa ke yi da kanta idan farashi ya yi tsalle ko ya faɗo da saurin da ya wuce kima. Akwai wanda ake yi domin kamfani zai fitar da babban labari, kamar sakamakon gwaji ko hukuncin FDA, hukumar abinci da magunguna ta Amurka. A Nasdaq, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hannun jari na Amurka, lambarsa T1. Waɗannan biyu al'ada ce. Idan ka ga T12 kuwa, kasuwa ce ta nemi ƙarin bayani daga kamfanin, kuma babu ranar buɗewa sai ta gamsu.

Mai nauyin shi ne na SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari ta Amurka. Sashe na 12(k) na dokar 1934 ya ba ta ikon dakatar da cinikin kowane hannun jari har kwana 10 na aiki, kuma ba ta yi wa kowa gargaɗi kafin ta yi. Dalilanta ba su cika wuce uku ba: kamfani ya daina fitar da rahoton kuɗinsa, ko ana shakkar gaskiyar abin da yake sanarwa, ko ana zargin wasu na wasa da farashi.

Kwana 10 a takarda ba komai ba ne. Abin da ke biyo baya ne damuwar. Idan kamfanin yana kan Nasdaq ko NYSE, babbar kasuwar New York, ciniki na iya dawowa, sai dai kasuwar tana iya ci gaba da riƙe shi ko ta kore shi. Idan kuwa a kasuwar da ke wajen waɗannan manyan kasuwanni yake, wadda ake kira OTC, inda yawancin hannun jarin kwabo suke, to ba ya dawowa da kansa. Sai wani babban dillali ya binciki bayanan kamfanin, ya cike fom mai lamba 211 ya kai wa FINRA, hukumar da ke sa ido kan dillalai, kafin a sake bayyana farashi a fili, kuma ba kasafai dillali ke son sa hannunsa a kamfanin da hukuma ta riga ta nuna da yatsa ba. Tun daga 28 ga Satumba 2021 aka ƙara tsananta ƙa'idar: kamfanin da ba shi da bayanai na yanzu ana tura shi wani lungu mai suna Expert Market, inda talaka irina da irinka ba ya ko ganin farashi. In kamfanin ya ci gaba da ƙin kawo rahoto, SEC na iya soke rajistarsa gaba ɗaya, daga nan babu dillalin da doka ta yarda ya saya ko ya sayar maka.

Mai albasa a Aliero, in kasuwa ta ƙi, yana da rudu, yana da Jega, yana da motar Kudu, ko ta fara ruɓewa ya karyar ya tsira da wani abu. Mai hannun jarin da aka dakatar ba shi da kasuwa ta biyu.

Kuma abin ya sha faruwa, musamman lokacin annoba. A Nuwamban 2014, ana tsakiyar fargabar Ebola, SEC ta dakatar da kamfanoni huɗu a rana ɗaya saboda ikirarinsu kan cutar, cikinsu har da Immunotech Laboratories. A 2020 ta dakatar da kamfanoni fiye da 30 kan maganganun korona. Ɗaya daga ciki, Decision Diagnostics na Kalifoniya, ya ce yana da na'urar gano cutar da ɗigon jinin yatsa cikin daƙiƙu; na'urar ba ta wanzu ba, shugabansa Keith Berman ya amsa laifi, aka yanke masa shekara 7 a 2024. Wanda ya fi kusa da mu ba na magani ba ne, amma darasin ɗaya: Tingo Group, da ke cewa yana hulɗa da miliyoyin manoman Najeriya ta waya, yana kan Nasdaq sarai lokacin da SEC ta dakatar da shi a Nuwamban 2023. Da ta shigar da ƙara a Disamba, ta ce asusun da aka rubuta akwai dala miliyan 461.7 a ciki bai kai dala 50 ba.

Ta hannun wa kuɗinka zai bi

Shiga shafin SEC ta Najeriya, takwarar ta Amurka, ka duba jerin masu rajista, ka tabbatar manhajar da za ka yi amfani da ita tana ciki. Tun a Afrilun 2021 hukumar ta gargaɗi manhajojin da ke sayar da hannun jarin waje ba tare da rajista ba, kuma a Agustan shekarar wata kotun tarayya ta rufe asusun wasu daga cikinsu na wani lokaci bisa buƙatar Babban Banki. Ke nan ƙofa biyu ke iya rufuwa, ta can da ta nan.

Kafin ka tura ko naira ɗaya, rubuta wa dillalin, wato masu manhajar, ka tambaye shi: idan aka kori kamfani daga Nasdaq ya koma OTC, zan iya sayarwa ta wurinku? Nawa za ku caje ni? Wane dillalin Amurka ne ke riƙe da hannun jarin, kuma yana ƙarƙashin SIPC? Wannan inshorar tana biya har dala 500,000 idan dillali ne ya durƙushe, amma ba ta biyan ko sisi idan farashi ne ya faɗi. Lissafa kuma abin da za ka rasa wajen canjin naira zuwa dala da dawowa.

Wanda ya ce a WhatsApp ka tura masa kuɗi asusunsa zai saya maka, wannan ba dillali ba ne. Mutane da yawa ba su gama jinyar CBEX, manhajar zuba jari ta damfara da ta rushe a Afrilun 2025, ba, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga masu irin wannan tsari.

Karanta aljihun kamfanin kafin ka karanta labarin maganinsa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawanci ake tsallakewa. A shafin sec.gov akwai rumbun takardu mai suna EDGAR, kyauta ne. Rubuta sunan kamfanin. Idan babu komai, ko rahoto na ƙarshe ya haura shekara, ka gama bincike: irin waɗannan ake dakatarwa. Idan akwai, buɗe 10-K, rahoton shekara, da 10-Q na ƙarshe, rahoton wata uku.

Nemo lambobi biyu: kuɗin da ke hannu, da abin da aka ƙona a harkokin aiki cikin wata uku. A ce akwai dala miliyan 6, ana ƙona miliyan 3. Wata 6 ya rage. Kamfanin da ba ya sayar da komai ba shi da inda zai samo na wata na bakwai sai ta buga sababbin hannun jari ya sayar, kuma kowane sabo yana rage rabonka. Bincika kalmomin "going concern" a cikin rahoton. In masu binciken kuɗi sun rubuta su, suna shakkar kamfanin zai kai baɗi.

A shafin farko na kowane rahoto an rubuta adadin hannun jarin da ke yawo. Kwatanta na bana da na shekara uku baya. Idan daga miliyan 50 ya koma miliyan 500, wanda ya saya tun farko rabonsa ya koma kashi ɗaya cikin goma na yadda yake, ko da magani na tafiya daidai. Mafi muni shi ne bashin da ake biya da hannun jari a farashin da ke ƙasa da na kasuwa. Mai bashin ya karɓa ya sayar, farashi ya sauka, ya sake karɓar wanda ya fi yawa ya sayar, haka har ƙasa. Duk inda ka ga irin wannan bashi, ja da baya.

Duba kuma ko an taɓa dunƙule hannun jari. Nasdaq na son farashi ya tsaya a dala 1 ko sama. In ya yi kwana 30 na aiki a jere a ƙasa, za a ba kamfani gargaɗi da wa'adin kwana 180. Hanyar tsira mai sauƙi ita ce a haɗa 20 su zama ɗaya: kana da 2,000 a senti 30, ka wayi gari da 100 a dala 6. Dala 600 ɗinka ce dai, amma yanzu an samu sabon fili na faɗuwa. Kamfanin da ya yi haka sau biyu ko uku ya gaya maka halinsa. Araha ba ta ado, kuma senti 30 ba araha ba ne in akwai hannun jari biliyan biyu.

Sai maganin

Kowane sabon magani yana bin hawa uku a jikin mutane. Na farko, mutane kaɗan, ana duba ko yana cutarwa. Na biyu, ana duba ko yana aiki da kuma awon da ya dace. Na uku, ɗaruruwa ko dubbai, ana gwada shi da wani magani ko da ƙwayar da ba komai cikinta. Tafiyar takan ci shekara 10 ko fiye, kuma cikin magunguna goma da suka shiga hawa na farko, da ƙyar ɗaya ke samun amincewa.

Gwaji na gaske yana da rajista a ClinicalTrials.gov da lamba mai farawa da NCT. Duba mutum nawa aka ɗauka, a waɗanne asibitoci, da babban ma'aunin da aka ɗaura tun farko. Idan sakamako ya fito kamfani ya yi shiru kan wannan ma'aunin, ya koma yabon wani ɗan rukuni na marasa lafiya da suka ji sauƙi, to gwajin ya faɗi. A Mayun 2021 sai da FDA ta fito fili ta ce bayanan maganin leronlimab na kamfanin CytoDyn ba su nuna yana amfanar masu korona ba, saboda yadda aka cika gari da labarinsa.

Kula da lafazi. "Mun miƙa takarda ga FDA" ba amincewa ba ce. "An yi mana rajista" ba amincewa ba ce. Takardar mallakar ƙirƙira ba ta nuna magani na aiki. Nasara a jikin ɓera ko a kwalbar gwaji farkon tafiya ce. Matsayin maganin cutar da ba ta yawaita ba, wanda ake bai wa cututtukan da ke damun ƙasa da mutum 200,000 a Amurka, rangwame ne na haraji da kasuwa kawai.

Zan tsaya a kan sikila, domin da wuya ka samu zuri'a a Kebbi da ba ta san ciwon nan ba, kuma wanda ya kwana a asibiti da yaro yana kukan ƙashi ba ya iya karanta labarin sabon magani da zuciya sanyi. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa Niprisan daga tsirrai, ciki har da masoro da kanumfari da wani nau'in dawa. A 2002 aka ba wani ƙaramin kamfanin Amurka, Xechem International, lasisinsa. Hannun jarin kwabo ne a OTC. Ya samu wancan matsayi daga FDA, ya ƙaddamar da maganin a Najeriya a 2006 da sunan Nicosan. A Nuwamban 2008 ya shigar da takardar karayar arziki. Maganin na gaske ne, masu binciken na gaske ne, buƙatar ta gaske ce, amma bashi ya ci kamfanin, masu hannun jari suka tashi da asara, marasa lafiya kuma suka rasa maganin a kanti. Ko babba bai tsira ba: Pfizer ya sayi kamfanin da ya yi maganin sikila mai suna Oxbryta kan dala biliyan 5.4 a 2022, ya janye maganin daga kasuwannin duniya a Satumban 2024. Son a samu waraka abu ne mai kyau, amma ba shi ne ma'aunin sayen hannun jari ba.

Wa ya kawo maka labarin

Idan a rukunin Telegram ko WhatsApp ka fara jin sunan kamfani, ana cewa a yi sauri kafin Litinin, ka tambayi kanka wa ke sayarwa a lokacin da ku kuke saye. Tsarin tsoho ne: a tara hannun jari a ɓoye, a kururuta, a juye wa waɗanda suka zo ƙarshe. Berman ɗin can da sunan ƙarya ya riƙa shiga intanet yana kare kamfaninsa. Duba shafin otcmarkets.com, in an liƙa wa kamfani hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, gargaɗi ne daga kasuwar kanta. A EDGAR, fom mai lamba 4 yana nuna ko shugabannin kamfanin saye suke ko sayarwa.

Hukuncin addini

Kar ka bar wannan sai bayan ka saya. Ma'aunin hukumar AAOIFI da ke Bahrain, wanda masana da yawa ke bi, ya ce bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfani a kasuwa, haka kuɗin da ya ajiye a inda ake ba da ruwa, kuma kuɗin shiga na haram kada ya wuce kashi 5. Kamfanin maganin da bai fara sayar da komai ba sau da yawa ruwan ajiya ne kusan duk kuɗin shigarsa. Kai lambobin ga malamin da ya san mu'amala. Sannan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana najashi, wato zuga farashi domin wani ya afka. Mai tura saƙon yabo ga 'yan'uwa don farashi ya hau ya samu ya fita, ya duba kansa.

In duk ya wuce, ga yadda za ka saya

Kuɗin taki, na noman rani, na makarantar yara, na adashi da na bashi ba sa shiga nan. Sa abin da in ya tafi duka ba za a ji a tukunya ba, kuma kar kamfani ɗaya ya cinye shi. Rubuta a takarda dalilin sayenka, ranar da ake jiran sakamako, da farashin da za ka fita a sama da a ƙasa.

Kullum ƙayyade farashin da ka yarda da shi, kar ka ce a saya maka a duk yadda kasuwa take, domin tazarar mai saye da mai sayarwa a irin waɗannan tana da faɗi. Duba yawan cinikin yini. In kaɗan ne, shiga da sauƙi, fita da wuya. Umarnin nan na "a sayar in ya faɗo wuri kaza" ba ya aiki lokacin dakatarwa, kuma in an buɗe a rabin farashi, a nan za a sayar maka. Sakamakon gwaji yakan fito kafin a buɗe kasuwa ko bayan an rufe, don haka yanke shawarar tsayawa ko fita tun kafin ranar. In ya ninka, cire uwar kuɗinka. In ya faɗi, kar ka ƙara don wai ya yi araha.

In an dakatar kana ciki

Je sec.gov, shafin Trading Suspensions, ka karanta umarnin da kanka. Gajere ne, yana faɗin dalili da ranar ƙarewa. Ɗauki hoton asusunka, ka adana takardun saye. Rubuta wa dillali ka tambayi abin da zai faru bayan wa'adi da ko zai karɓi umarnin sayarwa. Kamfanin zai fitar da sanarwa cewa rashin fahimta ce. Ruwa ba ya tsami banza, kuma shirun SEC bayan kwana 10 ba wankewa ba ne, don ba ta bayyana binciken da take yi. Idan hanya ta buɗe, sayar da ƙayyadadden farashi ka karɓi abin da ya samu.

Daga nan za a fara kiranka. Wasu za su ce lauyoyi ne, wasu jami'an hukuma, za su ƙwato maka kuɗinka in ka biya wani abu tukuna. Kar ka biya. Idan kotu ko SEC ta ƙwato kuɗi don raba wa waɗanda aka cuta, ana sanarwa a shafin hukumar, ba a karɓar kuɗin gaba, kuma abin da ke zuwa yakan zama kaɗan bayan shekaru. Ƙorafi kan kamfanin ana shigar da shi ta shafin SEC ta Amurka ko daga ina kake. Na manhaja ko dillalin gida kuwa sai SEC ta Najeriya, hedikwatarta na Abuja da ofishi a Kano. In wani ne a gari ya karɓi kuɗinka da sunan zai saya maka, ofishin EFCC na shiyya yana Sakkwato. Tafi da shaidar tura kuɗin da saƙonnin da kuka yi.